Ƙarfen Kwatangwalon Ilu

Jiya ina zaune a ƙofar gida na ji ɗayanku yana cewa wai aikin ƙashi ai na likita ne, mu masu filasta naɗi kawai muke yi kamar mai naɗa rawani. Ban tanka ba, don akwai goro a bakina. Yau na tofar, sai ku zauna ku ji. Ni ne Garba Filasta, sunan da mutanen Daura suka laƙaba mini ke nan har ya danne na yanka, kuma ba a banza na same shi ba. Likita yankawa yake ya ɗinke, kafin azahar ya wanke hannu ya tafi cin abincinsa. Wanda zai zauna da ƙafar nan wata da watanni, yana hana mai ita ya lalata ta, ni ne. Kuma wallahi sau da yawa mai ƙafar ya fi ciwon wuyar sha'ani.

Filastar farko da na ɗaura, a ƙwaurin wani mai jakuna ce. Maigidana a aikin, Baba Saje, tsohon soja ne da ya koyi jinya a bariki. Lokacin ba a kawo mana bandeji da garinsa a jiki, yadda ku yanzu kuke farke leda ku ɗauka. Mu muke shimfiɗa bandejin a tebur, mu barbaɗa farin garin, mu murza da tafin hannu, mu naɗe sako-sako. Ruwan bokiti kuma da gwiwar hannu ake gwada shi: in ya yi zafi filasta ta daskare kafin ka gama, in ya yi sanyi ka wuni riƙe da ƙafar mutum. Na gama tawa tana sheƙi, na ja da baya ina jiran yabo. Baba Saje ya zo ya shafa, ya tsaya a wani ɗan lotsawa da yatsana ya yi a bayan dunduniya, sai ya miƙo mini almakashi.

"Yanke."

Na ce, "Baba, ai ɗan kaɗan ne."

Ya ce, "A waje ne kaɗan. A ciki gyambo ne."

Na yanke ina ƙunƙuni, na sake daga farko. Tun ranar da tafin hannu nake tallafar ɗanyar filasta.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce wadda arzikin man fetur ya sauko, ma'aikata suka sami ƙarin albashi, kowa ya sayi babur. Mutumin da ko keke bai iya ba, sai ka gan shi da hantsi ya taho ta wajen Kusugu babbar riga tana kaɗawa, kafin la'asar yana kan gadona yana salati. Ga manyan motoci sun cika hanyar Kongolam. Ga kayan aikinmu sun maƙale a tashar jiragen ruwa can kudu, garin filasta sai da cokali nake fitar da shi. Ƙarafan nauyi da muke rataya wa ƙafa don a ja ta suka ƙare, na koma ɗinka buhunan yashi ina auna su a sikelin masu gyaɗa. Igiyar jan kuwa ta guga ce, ni nake zuwa kasuwa in zaɓo. Duk da haka sai ka tarar da wani tela da aka yi wa aiki a gwiwa yana tsiyaya ruwan alwala a cikin filastar da na yi tsimin garinta, wai don ruwa ya kai ga fata. Ta jiƙe ta yi laushi kamar tuwon jiya, kuma ni zan sake.

A wannan shekarar aka kawo mana likitan ƙashi a asibitin da nake aiki, mutumin Masar, Dakta kawai muke ce masa. Hannunsa na da kyau, wannan ba na ɓoyewa. Amma da bincike ya zo a kansa. Abin da ke damunsa shi ne, a ƙasashen da ake ƙera ƙarfen da ake sa wa mutum a kwatangwalo, a kujera mutane suke zama, a dogon gado suke kwana. Mu kuwa a ƙasa muke ci, a ƙasa muke salla, a tsugune muke kewayawa. To, ƙarfen zai zauna a jikin mutumin da duk rayuwarsa a ƙasa take? Don ya gane, sai ya mai da ni abin gwaji. Yana da wani ma'auni mai hannu biyu kamar almakashi, da shi yake auna lanƙwasar gaɓa. "Ya Garba, tsuguna." In tsuguna, ya auna. "Zaman tahiya." In yi. "Harɗe." Ni magidanci da gemuna, nas-nas suna leƙe ta taga suna ƙyaƙyata dariya. Wata rana har zaman cin tuwo ya sa na yi masa, kuma babu tuwon.

A bayan a-kori-kura aka kawo Ilu. Mutumin wani ƙauye ne a gefen garin Babban Mutum, sana'arsa kora wa fatake shanu daga bakin iyaka zuwa kasuwanni. Ƙafarsa ita ce jarinsa. Da aka fara loda shanu a mota, ya hau saman bodi yana gyara igiya, wani bijimi ya yi tutsu, ya faɗo ta gefe. Aka kai shi wurin maɗori, yadda kowa ke yi. Ni ba na zagin maɗora, na ga karayar ƙwauri da ta hannu da suka ɗora ta miƙe sambal. Amma wannan karayar can ciki take, a wuyan ƙashin cinya, dab da inda kansa ke shiga gurbin kwatangwalo, ba wurin da kara da tsumma za su kama ba ne. Damina guda ya yi a kwance. Da Dakta ya ɗaga hoton ƙashin a taga, sai ya ce kan ƙashin ya mutu, jini ya daina kai masa.

Ya aike ni sito na ɗauko ƙarfen. Dunƙule ne mai santsi kamar ƙwallon goruba, da doguwar jela da ake cusawa cikin ƙashin cinya. Wanda ya yi daidai da Ilu guda ɗaya ya rage mana. Dakta yana faɗa ina juyawa da Hausa: "Za a cire mataccen a sa wannan. In ya zauna, za ka koma bin shanunka. Amma sai nama ya kama shi tukuna. Wata uku ba tsuguno, ba zama a ƙasa, ba harɗe ƙafa. In ka tsuguna zai fita ta baya, in kuwa ya fita ba lalle ya sake zama ba."

Ilu ya juya ƙarfen a hannu, ya ce, "Allah ya sa a dace."

A ɗakin tiyata ni na riƙe ƙafar, ina juya ta yadda Dakta ya ce, har kafaɗuna suka mutu. Aiki ya yi kyau. Daga nan nawa ya fara. Na sa matashi tsakanin cinyoyinsa na ɗaure. Na ɗora ƙafafun gadonsa a kan bulo, don in zai sauka kada gwiwa ta haura ƙugu. Na je wurin kafinta na sa ya yi doguwar kujera mai rami a tsakiya, yana ta tambayata wai ko sarauta aka yi wa wani. Salla ce ta so ta haɗa mu rigima, don Ilu ya ce shi bai taɓa ganin namiji da ransa yana salla a kujera ba. Sai da na ɗauko limamin masallacin asibiti ya zo ya faɗa masa da bakinsa cewa an yi wa mara lafiya rangwame. Ban da wannan, ban taɓa samun mai bin doka irin Ilu ba. Wasu kana juya baya za su kwance igiyar ja su tafi shan iska. Ilu kuwa in na ce kwanta, ya kwanta. Ya fara takawa da sandunan hammata biyu, ya koma ɗaya. Dakta ya zo ya auna, ya yi ta cewa masha Allahu, har hoto ya ɗauke shi. Ni kaina na fara ji da shi, in baƙi sun zo gadonsa nake fara nunawa.

Matarsa Hajara a gindin darbejiya take wuni da ƙwaryar fura. Wata safiya ta tare ni, ta rusuna, ta ce, "Malam, Babanmu zai zo ran Juma'a duba mai jiki."

Na dafe kai. Ku 'yan yanzu da kuke miƙa wa surukanku hannu kuna hirar ƙwallo da su, ba za ku gane ba. A lokacin, in mutum ya hango uban matarsa daga nesa, takalmi yake tuɓewa ya zube ƙasa, ba ya ɗaga ido sai tsohon ya wuce.

Na ce, "Ki aika a ce ya dakata."

Ta ce, "Wa zai iya faɗa masa? Tuni mutanen gari ke cewa surukinsa na asibiti ko leƙe bai yi ba."

Ran Juma'a da aka sauko daga masallaci na tsaya a bakin ƙofar asibiti na tare shi. Malam Isiyaku sunansa, ɗan siririn tsoho mai farin gemu, da buzu a kafaɗa. Na gaishe shi, na kwashe komai na faɗa masa. Ya ɗan ɓata rai.

"Ni na taɓa ce masa ya tsuguna mini? Shi ke yin abinsa."

Na ce, "Na sani, Baba. Amma yau kai za ka hana shi."

Ya ce, "In wannan ne, mai sauƙi ne."

Na riga shi shiga, na ce wa Ilu, "Ga Baba nan. Ka motsa daga gadon nan, ni da kai ne." Ya ce, "To." Na san irin wannan amsar, saboda haka na tsaya a kansa na dafe masa ƙirji da hannu.

Tsoho ya yi sallama, tun daga ƙofa ya ɗaga murya: "Kada ka tashi! Na ce kada ka tashi, na yafe." Ilu ya ja mayafi ya rufe rabin fuska, yana amsawa ƙasa-ƙasa, ina jin zuciyarsa tana bugun tafina. Na ce a raina, mun tsallake. Na tura wa tsoho kujera da ƙafa. Ya dube ta, ya ce shi ba ma'aikaci ba ne, ya warware buzunsa ya shimfiɗa a ƙasa dab da gadon, ya zauna. To ku dubi yadda abin ya kasance: gadon nan da na ɗora a kan bulo, Ilu a can sama, tafin ƙafarsa daidai rawanin surukinsa. Kafin in buɗe baki tsoho ya ce, "Mu yi masa addu'a," ya ɗaga hannu. Duk ɗakin aka ɗaga, har masu ƙafa a rataye. Ni ma na ɗaga. Kada wanda ya dube ni! Wane Musulmi ne za a ja Fatiha ya bar hannunsa a ƙirjin wani?

Kaina na sunkuye na ji ƙwas, kamar an karya rake. Na ɗago, gado wayam. Ilu na ƙasa a tsugune, ya jingina da ƙafar gado, kai a sunkuye, tafuka a buɗe, yana cewa amin.

Ko wash bai ce ba. Tsoho idonsa a rufe bai san abin da ake ciki ba, ga shi mai doguwar addu'a. Ya roƙa wa Ilu, ya roƙa wa sauran marasa lafiya, ya roƙa wa likita, ya roƙi damina mai albarka, ya koma kan magabata. Ni ina tsaye kamar in kurma ihu, ba damar katse addu'a. Da aka shafa ya buɗe ido ya gan shi, ya ce, "Af! Ban ce kada ka sauko ba?"

Ilu, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya ce, "Ba komai, Baba. An zo lafiya? Ya hanya? Ya aka baro su Inna?"

Sai da ya kai gaisuwar nan ƙarshenta. Na lallaɓa tsoho na fitar da shi da cewa lokacin allura ya yi, na dawo a guje. Ilu ya ɗago ya ce, "Malam Garba, ina jin abin nan naku ya ɗan gusa."

"Ya ɗan gusa! Wa ya ce ka sauko? Da kunnenka ba ka ji ya ce ya yafe ba?"

Ya ce, "Malam Garba, ƙafata fa a kan rawaninsa take."

Dakta ya zo ya ga ƙafar ta gajarce ta juya ciki, ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Bai yi faɗa ba, ni na yi nawa na haɗa da nasa. Aka sa Ilu barci, na danne ƙugu, Dakta ya ja har ƙarfe ya koma gurbi. Na rataya masa buhun yashi, ya yi makonni a miƙe. Ranar da muka sake tsayar da shi, yana juyawa zai zauna, sai ƙarfen ya sake fita. Naman da ke tare shi ta baya ya yage, ba abin da zai riƙe shi.

Dakta ya ja kujera ya zauna a gaban gadon, ya ce hanya biyu ce. Ko a sake buɗewa a gyara, in naɗe shi da filasta tun daga ƙirji har idon sawu ya yi watanni a ciki. In Allah ya sa ya kama zai yi tafiya sosai, har bin shanu, amma kwatangwalon zai yi tauri, shi da tsuguno har abada. Ko kuma a cire ƙarfen gaba ɗaya a bar nama ya cike gurbin. Ƙafa za ta gajarce, zai yi ɗingishi da sanda iyakar ransa, doguwar tafiya ta ƙare, amma za ta lanƙwasu yadda yake so. Na juya masa da Hausa, kuma a fili na fi jan ta farkon, don har na fara tunanin inda zan samo garin filastar da zai ishe shi.

Ilu ya ce, "Ta biyun, zan sa goshi a ƙasa?"

Dakta ya ce e.

"Zan gai da manya?"

Ya ce e.

Ya ce, "A cire."

Na roƙi Dakta ya ɗan ba mu wuri. Na ce, "Kai Ilu, kanka ɗaya kuwa? Da me za ka ci da 'ya'yanka? Tsohon nan ba ya buƙatar tsugunonka!"

Ya ce, "Shi ne ba ya buƙata. Malam Garba, mutumin nan ya ba ni 'yarsa ina bin shanun wani, ko akuya ban ajiye ba. Yanzu in riƙa tsaya masa a ka kamar ɗan doka har ya mutu? Da wane ido?"

Na sake ɗauko liman, ya yi iya yinsa. Na kirawo Hajara, ta rufe fuska ta ce duk abin da ya gani. Ranar haushi ya hana ni cin abinci. Aka cire, ni na wanke ƙarfen nan da hannuna, lafiyarsa ƙalau ko ƙwarzane babu. Tun daga kan Ilu, kafin Dakta ya taɓa kowa da wuƙa sai ya sa na tambaye shi yadda yake salla, yadda yake kewayawa, da su wa yake tsuguna wa, sannan ya zaɓa masa aikin da za a yi. Wannan ma ya shiga cikin bincikensa.

Bayan kaka Dakta ya tura ni ƙauyuka in duba waɗanda aka sallama. Na sami Ilu a ƙofar gida yana tufkar igiya, ga takalmin da na sa baduku ya ƙara wa dunduniya a gefensa. Ya rame. Na ce, "To, ga shi ka sami abin da kake so. Ana ta shan tsuguno ko?"

Ya ce, "Tun da na dawo ban sa shi a ido ba. In ya hango ni sai ya sake hanya. Masallacinmu ma ya daina zuwa, can unguwar gabas yake tafiya. Na je zaurensa ya fi a ƙirga, a ce ba ya nan, ga takalminsa ina gani."

Kai, ranar na ga iyakar haƙurina. Na tafi gidan Malam Isiyaku, ko sallama ban ƙarasa ba na faɗa zaure. Ya tsufa fiye da yadda na bar shi. Na ce, "Baba, me yaron nan ya yi maka?"

Ya ce, "Ni na yi masa. In ya gan ni zai tsuguna. Na ci masa ƙafa ɗaya, so kake in ci ta biyun?"

Na ce, "Haba, Baba! Ai don ya tsuguna maka ya ce a cire ƙarfen. An ba shi tafiya ya ƙi. Ya ba da ƙafa, ya ba da shanu, kai kuma kana ɓuya a bayan zana?"

Ashe ba wanda ya faɗa masa. Hajara kunya, Ilu kunya, kowa kunya, sai ni mara ita. Sai tsoho ya ce, "Je ka ce ya zo."

Ilu ya zo yana dogara sanda. Ya tuɓe takalmi a bakin zaure, ya jingine sandar, ya fara sauka. Ya daɗe yana saukar nan yana dafa bango. Tsoho ya kasa zama, yana tsaye yana kallon azara. Ilu ya kai ƙasa, ya gaishe shi tun daga kwana har gajiya har iyali, tsoho na amsawa da ƙyar. Da aka gama ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Na matsa zan kama shi, sai Malam Isiyaku ya ce, "Bari, ɗan nan."

Ya sunkuya da tsufansa, ya sa hannu a hammatar mijin 'yarsa ya ɗaga shi, kuma bai sake shi ba sai da ya miƙa masa sandar.